Rijiyar Gwaggo da Sabon Titi

Har yau idan mota ta bi da ni ta titin nan na gefen Unguwar Shanu, sai miyau ya taru mini a baki, in shiga neman inda zan tofar. Jikokina suna cewa motar ce ke juya mini ciki. Ban taɓa gyara musu zancen ba.

Na zo Kaduna daga Zariya a shekarun da ake ta maganar mulkin kai, Turawa suna nan, amma kowa ya san sun fara haɗa komatsansu. Maigidana akawu ne a wani ofishin gwamnati. Aikinsa buga takardu a tafireta, kuma da yake yana jin Turanci sosai, shi ake ɗauka idan manya za su fita duba aiki, ya yi tafinta, ya rubuta abin da aka ce. Ba mu samu gidan gwamnati ba, sai muka zauna a gidan yayar mahaifinsa, wadda unguwa duka ke kira Gwaggo.

Gwaggo Bakatsiniya ce, gajera, mafaɗaciya, ba ta da ɗa a raye. Koko da ƙosai take sayarwa da safe. Abin da mijinta ya bar mata bai wuce gidan ba da rijiyar da ke tsakar gida, wadda ya haƙa da hannunsa, don sana'arsa ke nan. Ruwan ga garɗi ga sanyi, kuma komai tsananin bazara ba ya ƙafewa. Duk gidajen da ke kewaye da mu nan suke ɗiba, ba ta taɓa karɓar ko anini ba. Amma fa da doka. Ba a shigo mata da wani guga, nata za a ja da shi. Ba a matsowa bakin rijiya da takalmi. Wadda ta dire gugan a ƙasa maimakon ta rataye shi, ranar sai ta ji tarihin kakanninta. Ni kaina ranar da aka kawo ni, kafin ta nuna mini inda zan ajiye akwatina sai da ta nuna mini yadda ake mayar da murfin katakon.

Tsufa ya ba ta abin da mu matan aure ba mu da shi. Mu muna kulle, ita kuwa duk inda ƙafarta ta ga dama sai ta je. Ta taɓa tare wani Bature likitan dabbobi a tsakiyar hanya, saboda mushen saniya da aka yar kusa da katangarmu. Ba ta jin Turanci, shi ma Hausar tasa ba ta kai ta kawo ba, amma kafin azahar an ɗauke mushen.

Gidanmu a gangare yake. Daga sama da mu akwai turakun shanun fatake, da filin da mahauta ke yanka. Idan aka yi ruwa, duk abin da ke can, kashin shanu ne, jini ne, abin cikin tumbi ne, sai ya taho ya bi ta bayan katangarmu, ya ratsa ta gindin wani babban durumi, ya gangara rafi ya yi gaba abinsa. Kafin a tuƙa tuwo a kwashe ya wuce. Da rani ba abin da za ka gani a wurin sai ɗan yashi. A gindin durumin nan mazan unguwa suke da dakalin hirarsu. Ba wai ba su san ruwa yana bi ta nan ba. Sun sani, kamar yadda namiji ya san ana girki a gidansa. Hadari na haɗowa za su naɗe tabarmi su shige, ba su fitowa sai ƙasa ta tsane. Yawan ruwan da abin da yake ɗauke da shi, mu da ke jin ƙuginsa a bayan katanga, mu kwashe abin da ya bari a bakin rariya, mu muka san shi.

Wata bazara sai ga safiyo mai awon ƙasa da mutanensa suna kafa turaku masu jan fenti. Aka ce titi za a yi, zai bi ta gefenmu ya haɗu da babbar hanyar da ta nufi Kawo da Katabu. Za a yi ciko a ɗaga shi sama, sannan a bar wa ruwa kafa ta ƙarƙashi, wato kwalbati. A takardarsu, daidai gindin durumi aka sa kwalbatin. Sai dai za a rushe dakalin, itacen ma ba lalle ya tsira ba. Abin da ya fi ba ni haushi in na tuna shi ne wannan: da farko mutanen nan sun yi daidai.

Maza suka tayar da hankalinsu. Mai unguwa ya kai kuka, aka sa ranar da Baturen aikin zai zo ya ji ta bakin jama'a. Jama'ar kuwa su ne masu dakali. Ba wanda ya ce a leƙa cikin gida a tambayi masu ja da guga.

Ran taron da safe Gwaggo ta tare maigidana a zaure yana fitar da kekensa.

"Akawu," ta ce. Haka take kiransa in za ta tsokane shi, amma ranar ba wasa a fuskarta. "Kai ne bakin Bature yau ko? To ka hwaɗa mashi, inda ya sa ramin nan, nan ne daidai. Kada ya bari su kai shi wani wuri. Ruwan ga ba shi da wata hanya. In anka toshe mashi, gidan ga zai shigo, kuma ka san abin da yake tahowa da shi."

"To, Gwaggo."

"Ba to nike so ba. Ka hwaɗa."

"In Allah ya yarda, Gwaggo."

Bayan la'asar ya dawo yana fara'a irin ta wanda aka yaba wa aikinsa. Na kawo masa ruwa a ɗaki, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce taro ya yi kyau. Baturen mutumin kirki ne, har kan tabarma ya zauna, ya saurari kowa. Dattawa sun ce durumin ya girmi unguwar, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, kuma kwalbati ba abin da zai jawo sai macizai da masu tsugunawa. Bature ya yarda a matsar da shi can sama kaɗan, a haƙa lambatu mai zurfi daga gindin durumi ya kai masa ruwan. Kowa ya yi godiya, liman ya shafa fatiha.

Na ce, "Malam, saƙon Gwaggo fa?"

Ya ajiye kwanon ruwan. "Ke ba ki san zaman manya ba. Liman yana zaune, mai unguwa yana zaune, duk sa'o'in mahaifina, sun gama magana baki ɗaya, ni kuma in buɗe baki in ce matan gidanmu sun ce ba haka ba? Tafinta aka kai ni. Abin da aka faɗa shi na juya. Kuma ai za a yi lambatu."

Na dube shi da farar rigarsa da alƙalami a aljihu, na ji ya ƙanƙance a idona. Aka kira magariba, ya sa takalmi ya fita masallaci. Fitarsa ke da wuya Gwaggo ta leƙo daga madafa.

"Ɗiyata, ya hwaɗa masu?"

"Ya faɗa, Gwaggo."

Ban ma yi shawara da zuciyata ba, bakina ya riga ni. Tun a gida an karanta mini cewa mace ba ta tona asirin mijinta, ko da a wurin danginsa ne. Na ɗauka abin kirki na yi. Har wani daɗi na ji a raina, wai ni matar rufin asiri.

Da leburori suka fara haƙa can sama, Gwaggo ta yafa gyale ta je ta gani da idonta. Ta dawo ta zauna a kan turmi.

"Sun ji sunka ƙi ke nan," ta ce. "To. Tunda an hwaɗa ma Bature ya ƙi, ba ni zuwa in tsaya mashi ina roƙo."

Sai da aka yi kusan wata guda kafin a zuba siminti. Duk kwanakin nan ina zaune gefenta ina surfa mata wake, gwiwata na taɓa tata. Kalma uku ce kawai, bai faɗa ba. Kullum sai in ce gobe, in goben ta zo sai in ga ƙaryar ta ƙara kwana, fitar da ita ya ƙara wuya.

Lambatun kuwa an fara shi. Suka haƙa ya kai gwiwa, sai suka tarar da marmara, diga tana tsalle tana dawowa. Helumansu, wato shugaban leburorin, ya ce za su dawo da kayan aiki. Har yau da nake wannan magana ba su dawo ba. Ko ni da ban zauna a aji ba na san ruwa ba ya hawa tudu, amma aka bar ɗan ramin nan yana kallon sama, aka ci gaba da ciko. Titi ya tashi ya fi dokin ƙofarmu tsawo, aka daɓe shi, aka malala kwalta. Maza suka yi ta tafiya a kansa da yamma hannu a baya, suna cewa unguwa ta zama birni.

Ruwan farko da na biyu ƙasa ta shanye. Na uku da hantsi ya sauko, kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin ɗaki na ji ƙugin da na saba ji a bayan katanga, ina jira ya wuce kamar kullum, sai na ji ya yi shiru. Ya zo gindin durumi ya tarar da titi a gabansa. Can sai na ga rariyar da muke zubar da ruwan wanke-wanke ta juya, ita ke kawo mana. Ruwa ne kore-kore mai kauri, da kumfa a samansa, da guntayen hanji, da kashin shanu curi-curi suna juyi a tsakar gidan da Gwaggo ke sharewa sau uku a rana. Warin ya riga ruwan shiga ɗaki. Salgar maƙwabtanmu ta cika ta tumbatsa, tamu ta bi ta. Ba zan faɗi abin da na ga yana yawo a gindin murhu ba.

Gwaggo ta fito cikin ruwan har ƙauri, ba gyale, ta haye kan murfin rijiyar ta danne shi da jikinta. Na bi ta ina ja, ina cewa ta taso, tana ture ni. Ta sama ta tsare, amma ruwan ta gefe ya shiga, ta tsakanin duwatsun da mijinta ya jera. Muna jin sa yana tsiyaya ciki.

Washegari ta jefa guga ta jawo. Ta duba, ta sansana, ta juya baya ta yi amai. Ni ma na bi ta.

Ta kira masu yasar rijiya suka kwashe ruwan tas, suka fitar da laka, ta sa aka wanke duwatsun. Kwana huɗu ruwa ya fara washewa, aka sake yin ruwan sama, komai ya dawo. Ta sake kiransu. Sau uku ana haka. Bayan katangarmu ya zama tafki, kore shar, sauro da ƙuda sun samu gari, da rana in zafi ya buga shi ko tuwo ba ya haɗiyuwa. Masu sayen koko suka ɗauke ƙafa. Gudawa ta shiga yaran unguwa, sai ga matan da suka yi shekaru suna ɗiban ruwan nan kyauta suna aiko da magana, wai ruwan gidan Gwaggo ne. Ko sannu wasunsu ba su aiko ba.

Dakalin da aka yi duk wannan saboda shi fa? Yana tsakiyar tafkin, ba mai iya zama. Maza suka kwashi tabarminsu suka koma can sama, kan kwalbatin. Simintinsa ga faɗi ga santsi, ga iska, kuma tun da aka yi shi ɗigon ruwa bai taɓa bi ta cikinsa ba. Awaki suna kwance a ciki, dattawa suna zaune a kai, suna hango tafkin suna cewa ikon Allah. Ni dai ban taɓa jin an ɗora wa Allah abin da ya ba ni ƙyama kamar wannan ba.

Na matsa wa maigidana ya yi magana a ofis. Ya ce ya yi. Amsar da aka ba shi ita ce, jama'ar unguwa da kansu suka nemi a matsar da kwalbatin, ga takardar taro nan ta ce an amince baki ɗaya. Shi ya rubuta ta, shi ya buga ta a tafireta, ba kuskure ko ɗaya.

Sai duba-gari ya zo, da kakinsa da ludayinsa na leƙa randa. Ya toshe hanci da hankici, ya sa aka jawo guga ɗaya, ya ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ya rubuta. Gwaggo ta kama hannun rigarsa ta ja shi bayan katanga, ta nuna masa tafkin, ta nuna masa titin, ta nuna masa busasshen kwalbatin.

"Iya, titi ba sashena ba ne," ya ce. "Rijiya ce sashena."

Bayan mako guda takarda ta zo, a cike rijiyar saboda lafiyar jama'a. Maigidana ne ya karanta mata, yana tsaye, kansa a ƙasa.

Ranar da za a cike, leburori suka zo da yamma da kwanon sarki, suna ɗebo jar ƙasar da ta rage a gefen titi. Gwaggo ta ce su dakata. Ta cire takalmi kamar yadda ta saba, ta jefa guga, ta jawo na ƙarshe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwanon shan da take ajiye wa baƙi, ta cika shi, ta rufe da sabon faifai. Ta rataye gugan a wurinsa. Sannan ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta fita. Na bi ta har zaure, na laɓe a bayan ƙyaure ina leƙe, don kwalbatin ba nisa, ana jin magana.

Suna zaune su da yawa, maigidana yana daga gefe, ya taso ofis ke nan. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gaban mai unguwa, ta ɗage faifan.

"Ga ruwa," ta ce. "Kun saba sha daga gidana. Wanga shi ne na ƙarshe, na ce kada a cike ba ku samu ba."

Wasu suka kau da kai, wani ya tofar da miyau. Mai unguwa ya ja da baya yana kare hanci.

"Haba Gwaggo, haba. Mu ina muka san abin zai kai ga rijiya? Wallahi da wani ya ambata ran nan, da ba mu ja ba. Baturen nan mai jin magana ne, abin da aka ce masa shi ya yi. Ga ɗanki nan, shi ya yi tafinta, tambaye shi. Ko mutum ɗaya bai kawo zancen gidanki ba."

Gwaggo ta juya ta dubi maigidana. Bai ɗago ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da faifan, ta ɗauki kwanonta ta taho. Na ruga na koma ciki, na zauna a bakin ƙofata na jawo tire ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

Ta shigo ta ce wa leburori su fara. Aka juye kwanon ƙasa na farko, na ji ƙasar ta faɗa cikin ruwa can ƙasa. Ta zo ta ajiye kwanon shan a gabana, kusa da tiren. Na zaci zagi zan sha, har na fara shirya kuka. Muryarta kuwa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Shi na san shi tun yana tsumma, bai taɓa iya kallon babba ya ce a'a ba. Amma ke, ɗiyata, da ke muke kwashe abin da ruwan ga yake bari. Da kin ce mani bai hwaɗa ba, da na tahi da ƙahwata."

Kafin rana ta faɗi an gama cikewa, aka daddaɓe wurin, ya zama wani ɗan jan tudu a tsakar gida. Ni na ɗauki kwanon na kai bayan gida na zubar, na wanke shi da toka har hannuna ya yi ja, ina jin warin bai fita ba.

Daga nan sai ruwan 'yan garuwa, daga wani famfo mai nisa, mai ɗanɗanon ƙarfe. Gwaggo ta daina koko. Damina biyu ta ƙara a duniya, muna gida ɗaya, muna ci a tukunya ɗaya. Ba ta taɓa gora mini ba, ba ta daina ce mini ɗiyata ba. Abu ɗaya ne ya canza. Ba ta sake tambayata komai ba. In tana so ta san ko gishiri ya ji a miya, sai ta taso da sandarta ta ɗanɗana. In tana so ta san ko shanya ta bushe, ina tsaye a gindin igiyar, sai ta ratsa ta gabana ta taɓa da hannunta.